A Koya Wa Yaranmu Nahawun Turanci Da Harshen Da Suke Ji

Yau mun ga ya kamata mu ɗan tsakuri fili daga wannan shafi naku na wasiƙu, domin mu ma mu tofa albarkacin bakinmu a kan wata magana da ta daɗe tana ci wa iyaye da ɗalibai tuwo a ƙwarya, musamman a Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita irin su Kiyawa, Jahun, Miga, Birnin Kudu, Buji da Gwaram. Maganar kuwa ita ce ta darasin Turanci a makarantun sakandare. Duk shekara idan sakamakon jarrabawar WAEC da NECO ya fito, kuka ɗaya ake ji a majalisu da gidajen biki, wai yaro ya ci lissafi, ya ci kimiyya, ya ci Hausa da darasin addini, amma Turanci ya kayar da shi. Shi ke nan sai ya zauna gida shekara ɗaya ko biyu yana jiran sake zama, wani ma daga nan ya yi sallama da boko ya kama acaɓa, ko ya nufi Kano ko Legas neman na sa wa a baka. Idan kuwa yarinya ce, sau da yawa ba a ba ta dama ta biyu.

Wannan fa ba ƙaramar asara ba ce. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga watan Agusta, 1991, babu jami'a ko ɗaya a cikinta. To Allah cikin ikonSa, a 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, a 2013 aka kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa wadda ake kira Jami'ar Sule Lamido, a 2021 kuma aka samar da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura. Ga makarantun sun zo har ƙofar gida, amma babu wadda za ta ɗauki ɗalibi sai yana da kiredit biyar, kuma dole Turanci ya kasance a ciki. Haka nan a jarrabawar JAMB, kowane ɗalibi yana zaɓen darussa uku gwargwadon abin da zai karanta, amma Turanci ba a zaɓe, tilas ne a kan kowa, kuma cikin tambayoyi 180 shi kaɗai yana da 60. Ke nan yaron Kiyawa ko Jahun zai iya hango ginin jami'a daga cikin mota, amma ya kasa shiga saboda darasi guda. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Wanda yake shakkar nauyin wannan darasi ya tuna abin da ya faru a 2025. Da farko hukumar WAEC ta ba da sanarwar cewa kashi 38 da ɗoriya cikin 100 ne kawai a duk Nijeriya suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Bayan 'yan kwanaki sai ta ce an gano kuskure wajen makin ɗaya daga cikin takardun Turanci, da aka gyara sai adadin ya tashi zuwa kusan kashi 63. Ku duba fa, takarda ɗaya tak ta Turanci ita ce ta juya makomar dubban ɗaruruwan yara.

To mene ne yake kayar da yaranmu? Akwai masu cewa wai yaran yanzu ba su da kai, ko kuma wai harshen Bahaushe ya yi nauyi ga Turanci. Mu dai ba mu yarda da wannan ba. Yaro ɗan shekara shida a Garu ko Limawa ya san jam'in gida shi ne gidaje, na mota motoci, na littafi littattafai, na ƙasa ƙasashe, na yaro yara, na mace mata, ba tare da wani ya zaunar da shi ya koya masa ba. Masu koyon Hausa daga ƙasashen waje sun sha wuya a kan wannan jam'i namu mai rassa da yawa. Shi kuwa Turanci yawancin jam'insa ƙarin harafin "s" ne a ƙarshen kalma, sai 'yan kalmomi da suka fita daban irin su "men" da "children". Haba jama'a, yaron da ya riƙe wancan ne za a ce wannan ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwarsa?

A ganinmu, inda gizo yake saƙa shi ne yadda ake koyar da nahawun. A makarantu da dama malami zai shiga aji ya rubuta ma'anar "noun" da ta "verb" a allo da Turanci, yara su kwafa, su haddace, su maimaita masa kamar karatun aku. Babu wanda ya gaya wa yaron cewa abin nan da ake ta wahalar da shi a kai, shi ne suna da aikatau waɗanda ya sani a darasin Hausa. Bayan haka kuma a ce duk wanda aka kama yana Hausa a makaranta zai biya tara ko ya sha bulala, wai ya yi "banakula". Sakamakon wannan doka ai kowa ya gani. Yara ba su koma yin Turanci ba, shiru kawai suka yi. Wanda bai gane ba ba zai yi tambaya ba, domin ba shi da Turancin da zai yi tambayar da shi, kuma an hana shi harshen da yake da shi.

Alhali kuwa idan aka zauna aka duba kurakuran da ɗalibanmu suke yi a rubutu, za a ga ba na hauka ba ne, kusan kowanne yana da tushe a Hausa. Bari mu kawo misalai. A Hausa, aikatau ba shi ne yake ɗauke da lokaci ba, 'yar kalmar da ke gabansa ce take canzawa: ya tafi, zai tafi, yakan tafi. "Tafi" tana nan yadda take. A Turanci kuwa aikatau ɗin da kansa ne yake sauya kama, ya zama "go", "goes", "went", "gone". Saboda haka idan yaro ya rubuta "yesterday he go", bisa ƙa'idar Hausa ya yi tunani, tun da ya riga ya ce jiya, me kuma ya rage? Haka nan mu kan ce Audu ya zo, sai an sa "ya" bayan suna magana take cika, shi ya sa yaro yake rubuta "Audu he came", bai san Turanci ba ya son wannan maimaici ba.

Ga kuma maganar ƙidaya. Bahaushe yana cewa shekara goma, buhu uku, naira ɗari, ya bar sunan a tilo tun da adadin ya riga ya nuna yawa. Bature kuwa sai ya ƙara "s", ya ce "ten years". A wani wurin kuma abin ya juya. Muna da shawara da shawarwari, bayani da bayanai, sai yaro ya rubuta "advices" da "informations", mai maki ya ja masa jan biro, domin waɗannan kalmomi ba su da jam'i a Turanci. Sannan ga babban abin da yake rikita yara: harafin "s" a jikin suna yana nuna yawa, amma a jikin aikatau yana nuna mutum ɗaya ne, "he goes" amma "they go". In ba a zaunar da yaro an warware masa wannan da harshen da yake ji ba, wallahi zai gama aji shida yana caca da "s" ɗin nan.

Akwai kuma kalmomin da Hausa ta dunƙule, Turanci ya rarraba. Mu kan ce na ji magana, na ji zafi, na ji wari, ina jin Larabci, duk da "ji" guda ɗaya, alhali Turanci yana da "hear", "feel", "smell" da "understand". Mu kan ce na ari littafi, mu kuma ce na ara masa littafi, tushen kalmar ɗaya ne, daga nan "borrow me your biro" ta samo asali, a maimakon "lend me". Kai, har amsar tambaya ma akwai tarko. Idan aka ce maka ba ka ci abinci ba? sai ka ce e, wato ban ci ba. A Turanci wanda bai ci ba "no" zai ce. Ta fannin furuci kuwa, wanda WAEC take yi wa takarda ta musamman, kowa ya san Hausa ba ta raba "p" da "f", kuma ba ta son baƙaƙe su taru babu wasali a tsakani, shi ya sa muka mai da kalmomin aro suka zama burodi da fensir da bokiti.

Malamin da ya san waɗannan wurare tamkar direban da ya san ramukan hanya ne, tun kafin ya iso ya rage gudu. Kuma ba ramuka kaɗai ke akwai ba, akwai wuraren da Hausa take sauƙaƙa tafiya, musamman wajen ƙirar kalma, wadda ake yawan tambaya a jarrabawa. Sau nawa ake ba yaro jimla da gurbi, a ce ya zaɓa tsakanin "succeed", "success", "successful" da "successfully", ya tsaya yana zare ido? To a ce masa: ka san rubuta, rubutu, marubuci, rubutacce? Su ne "write", "writing", "writer", "written". Ka san gini da magini, noma da manomi? Wannan "ma" da muke ɗafawa a goshin kalma, ita ce "er" da Bature yake ɗafawa a ƙeya, ya ce "builder" da "farmer". Dafaffe da karyayye su ne "cooked" da "broken". Aboki da abota su ne "friend" da "friendship". Cikin minti goma yaro zai gane cewa kalmomi dangi-dangi ne a kowane harshe, kuma kowane ɗan dangi yana da mazauninsa a jimla.

Wani zai ce wannan ai tunaninmu ne kawai, ina aka taɓa yin haka? To mu leƙa ƙasar Sin, wadda ba baƙuwa ba ce ga mutanen Jigawa, tun da a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar an tura 'ya'yan jihar can karatun likita. Ɗalibin sakandare mai magana da Sinanci ya fi namu nisa da Turanci nesa ba kusa ba. A harshensa aikatau ba ya sauya kama ko kaɗan, yawancin sunaye ba su da siffar jam'i, babu makwafin "a" da "the", kuma shi da ita furucinsu ɗaya ne a baki, abin da yake sa su yawan rikita "he" da "she". Namu yaron kuwa tun yana goye ya san shi da ita, kai da ke, ya kuma san bambancin wani yaro da yaron. Rubutunsu na yau da kullum na dubban alamomi ne, ba haruffan boko ba. Sannan ba Turanci ake yi a ofisoshinsu da kotunansu ba, ba kamar mu ba da muke ganinsa a allunan kan titi da jikin naira.

Duk da haka, tun 2001 gwamnatinsu ta ba da umarnin a fara koyar da Turanci daga aji uku na firamare, kuma a babbar jarrabawarsu ta shiga jami'a da ake kira Gaokao, wadda mutum sama da miliyan 13 suka yi rajistarta a 2024, harshen waje yana da maki 150 cikin 750 a yawancin larduna, kuma mafi yawa Turanci suke ɗauka. Abin lura a nan shi ne, littattafan nahawun Turanci da ɗalibansu suke riƙewa da Sinanci aka yi bayaninsu, malamai kuma ba sa jin kunyar warware ƙa'ida da harshen gida. Ba mu ce a kwaikwaye su ido rufe ba, domin su da kansu suna kukan abin da suke kira Turancin bebe, wato ɗalibi ya san ƙa'ida ya ci jarrabawa amma ya kasa buɗe baki. Mu ɗauki mai kyau, mu bar musu wancan.

Ba ma sai mun je Sin ba, ga misali nan a zaurukanmu. Shekaru aru-aru malamanmu suna koyar da nahawu da sarfu na Larabci, wanda ya fi na Turanci sarƙaƙiya, kuma da Hausa ko Fulatanci suke yi. Almajiri ya ja baƙi, malam ya fassara masa kalma bayan kalma, ya nuna masa wannan fa'ili ne, wancan maf'uli ne, daga Ajurumiyya har a kai Alfiyyar Ibn Malik. Ta wannan hanya ƙasar nan ta haifar da irin su Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda da kansa ya wallafa littattafai a kan nahawu da sarfu cikin Larabci. Babu malamin zaure da ya taɓa cin almajiri tara don ya yi tambaya da Hausa. Haka kuma a zamanin Turawa da Hausa ake fara karatu a elementare, amma ga Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa nan, wanda har Turawan Ingila suka yaba wa Turancinsa. A Kudu ma, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida, ana ba su Turanci a matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai, ba su gaza wa takwarorinsu a Turanci ba.

Muna sane da cewa a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke manufar koyarwa da harshen uwa da aka amince da ita a 2022, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga matakin farko. Wannan muhawara ce mai zaman kanta, ba ita muka sa a gaba yau ba. Abin da muke cewa shi ne, tun da yanzu duk sauran darussa a kan Turanci za su hau, ashe wajibi ne a tabbata yaro ya fahimci Turancin da gaske, kuma ba mu ga laifin malamin da ya ɗauki minti biyar ya warware ƙa'ida da Hausa sannan ya koma Turanci ba.

Masu tsoron cewa in an buɗe wannan ƙofa aji zai koma dandalin hira da Hausa, suna da gaskiyarsu. Harshe ba ya zama a baki sai da yi, kuma yaron ƙauye in bai ji Turanci a aji ba, babu inda zai ji shi. Don haka karatu da rubutu da muhawara da tambaya da amsa duk a yi su da Turanci, a kuma matsa wa yara su yi, ko da suna kuskure, ba tare da an yi musu dariya ba. Hausa tsani ce ta hawa, in an hau sai a ci gaba da aiki a sama. Amma a ɗauke tsani a ce wa yaro ya yi tsalle ya kama soro, wannan ba horo ba ne, zalunci ne.

Saboda haka muna kira ga hukumomin ilimi na Jihar Jigawa, har da SUBEB, da su fito fili su hana cin yara tara ko dukansu don sun yi tambaya da harshensu a aji. Muna kuma roƙon su haɗa masana Turanci da na Hausa da ke Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido, da Kwalejin Ilimi ta Gumel, su rubuta ɗan ƙaramin littafi mai sauƙin kuɗi wanda zai jera ƙa'idojin Turanci kafaɗa da kafaɗa da na Hausa, a raba wa ɗaliban ƙaramar sakandare. Ba daga tushe za su fara ba, domin magabata sun share fage, ga nahawun Hausa na Farfesa M.K.M. Galadanci na 1976, ga ƙamusun Bargery na 1934, ga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. A kuma riƙa tara malaman Turanci lokacin hutu ana yi musu bita a kan wannan hanya. Sannan a ƙara yawansu, a kai su ƙauyuka, domin nahawu ba ya zama sai yaro ya yi rubutu an duba an gyara masa, kuma malami ɗaya mai ajujuwa cike maƙil ba zai iya duba insha'in kowa duk mako ba, ko da kuwa ya daina barci.

Gidajen rediyo irin su Rediyo Jigawa da Freedom ta Dutse su ma suna da rawar takawa. Rabin awa a mako, malami ya ɗauki ƙa'ida ɗaya ya warware da Hausa, yara su bugo waya su yi tambaya, ai zai amfani har da manya. Ku kuma iyaye, don Allah kuɗin da wasunku suke kashewa wajen saya wa yaro amsa a ɗakin jarrabawa, a saya masa ƙamus da littattafan labarai tun yana aji ɗaya. Kiredit ɗin sata ba ya rubuta takardar neman aiki, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, a ajin farko na jami'a asiri yake tonuwa.

Ku kuwa 'ya'yanmu ɗalibai, maza da mata, kada wanda ya sa muku a rai cewa Turanci ya fi ƙarfinku. Kowa ya samu littafin rubutu guda ya ware shi. Duk sabuwar kalmar da ka tsinta, rubuta ta da danginta gaba ɗaya, sunanta da aikatau ɗinta da siffarta, ka sa ma'anarta da Hausa a gefe, sannan ka gina jimla da ita. Duk kuskuren da malam ya ja maka layi, tambayi kanka wace ƙa'idar Hausa ce ta ja ka, ka rubuta gyaran. Ke ma 'yar makaranta haka za ki yi. Kalma biyar a rana ba ta da yawa, amma a shekara ta haura 1,800, kuma da yayyafi kogi kan cika.

Daga ƙarshe, muna gayyatar malaman Turanci na Dutse da kewaye, waɗanda su ne suke riƙe da alli, su rubuto mana ra'ayinsu, ko sun yarda da mu ko ba su yarda ba, fili a buɗe yake. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya buɗa ƙwaƙwalen yaranmu, Ya saka wa malamansu da alheri, Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, amin.